Jirgin da Ƙanina Ya Gyara

Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da ƙanina. Baba mutumin Kano ne, ya zo Maiduguri yana saurayi da kayan gyaran mota cikin buhu, ya kama shago a Hausari, ya auri mahaifiyarmu Babarbariya, bai sake tashi ba. Ni ne babba, don haka tun ban gama sakandare ba kowa ya san shagon nawa ne. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Da yamma idan na dawo daga makaranta sai in tuɓe riga in shiga bayan kanta ina ware fulogi da boris, ƙanina kuwa a bar shi a gida ya yi karatu, wai kansa yana ja. Nawa ma yana ja. Sai dai shago yana bukatar mutum, ni kuma na riga shi zuwa duniya.

Ya tafi makarantar koyon aikin jirgin sama, ya yi shekarunsa, ya yi aiki a Legas, ya samu lasin. Daga baya kamfanin jiragen da yake wa aiki ya turo shi gida, ya zama shi ne mai duba jirginsu duk lokacin da ya sauka a Maiduguri. Ya kama haya a Bulumkutu don ya fi kusa da filin jirgi. Tun daga nan sunansa ya ɓace a bakin mutanen unguwa, ya koma Injiniya. Har Baba, wanda ya raɗa masa suna, Injiniya yake ce masa.

Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya bar mini shagon gaba ɗaya. Kullum da hantsi yakan zo ya zauna a benci ƙarƙashin bishiyar maina da ke ƙofar shagon, tsofaffin abokansa su taru. Idan jirgi ya wuce ta samanmu sai ya katse ko wace magana ake yi, ya ɗaga sandarsa sama.

“Wannan sai da yarona ya sa hannu ya tashi,” in ji shi.

Wani lokaci jirgin ba ma na kamfanin ƙanina ba ne, wani lokaci na soja ne. Ba mai gyara masa. Ni kuma ina cikin shago, hannuna baƙi ƙirin da giris, ina jin su. Ni na faɗaɗa shagon nan, na haɗa da na maƙwabcinmu da ya tashi, na ƙaro kayan keke napep tun kafin sauran 'yan layi su farga cewa nan kasuwa ta koma. Ni nake kai Baba asibitin ido, ni nake aika cefane gidan. Ban taɓa jin ya katse hira ya nuna shagon da sanda ba.

Ba wai ƙanina yana da girman kai ba. Da yana da shi da na samu abin riƙewa. Idan ya zo gaishe ni har ƙasa yake durƙusawa, ya ce, “Yaya, ya kasuwa?” Ya shigo da rigarsa mai walƙiya ta masu aikin filin jirgi, katin shaida na lilo a wuyansa, bakanikan da suka zo sayen kaya su matsa masa ya zauna. Mutanen da muke tare da su shekara da shekaru, nake ɗaga musu ƙafa idan aiki ya tsaya, sai in ga sun juya mini baya suna tambayarsa ko gaskiya ne tayar jirgi ba ta da tub.

Wata shekara, cikin zafin nan na kafin damina, na tashi tafiya Legas saro kaya. Da mota na saba zuwa, amma hanyar fita gari ba ta da tabbas a lokacin, motoci kan yi dogon layi suna jiran a buɗe. Ƙanina ya ji, ya zo shago ya ce kamfaninsu na ba ma'aikaci damar ɗaukar ɗan'uwansa, ya riga ya sa sunana. Na ce masa a'a, na saba da mota. Baba daga kan benci ya ce, “Ƙaninka ya yi maka alheri ka ce a'a? Je ka ga abin da yake yi.”

Na je. Ban taɓa hawa jirgi ba, kuma ban so a gane. Na sa sabuwar shadda da hular zanna, na hau keke napep zuwa filin jirgi da ƙaramar jaka.

Jirgin da za mu shiga ya kwana a nan. Tun jiya da ya sauka aka ga wani abu ya lalace a jikinsa, aka hana shi tashi, ana jiran a kawo madadinsa daga Legas. Fasinjojin jiya da na yau suka haɗu a ɗakin jira, fanka na kaɗa iska mai zafi, kowa na faɗa. Wani Alhaji mai babbar riga yana ta buga kantar ma'aikata, wai yana da taro a Legas. Wata mata za ta kai mahaifiyarta asibiti. Ni na samu kujera kusa da gilashi na zauna.

Daga nan na hango shi. Jirgi ƙato tsaye cikin rana, ƙanina a ƙarƙashin cikinsa wajen baya, kan ɗan tsani, rabin jikinsa ya shige wata ƙaramar ƙofa. Wani jirgin ya sauka, aka kawo masa kwali, ya buɗe, ya duba abin da ke ciki, ya duba na'urar da ke hannunsa, ya koma ya shige. Bayan wani lokaci ya sauko yana goge hannu. Sai ga matuƙin jirgin da kansa, da farar rigarsa da igiyoyin zinariya a kafaɗa, ya sauko ya same shi. Suka yi magana, matuƙin na sauraro yana gyaɗa kai. Ƙanina ya ɗora takarda a cinya ya sa hannu.

Mutum fiye da cikin masallacin unguwarmu suna jira, da Alhaji mai taro da kowa, ba wanda zai motsa sai yaron da na goya ya sa hannu. Mutumin da ke kusa da ni ya ce, “Ga mai gyaran can, da alama ya gama.” Na ce, “Da alama.” Ban ce masa ƙanina ne ba.

Da muka fito za mu hau, yana tsaye a gindin matakala. Ya karɓi jakata ya hau da ita da kansa, ya ce wa ma'aikaciyar jirgin, “Yayana ne, yau ya fara hawa, ki kula mini da shi.” Ta yi murmushi, ta nuna mini yadda ake ɗaura bel kamar ƙaramin yaro. Mutanen kujerun kusa duk sun ji.

Muka tashi. Na ga Maiduguri ta koma ƙarƙashina, rufin kwano da itatuwan maina, na yi ta neman Hausari ban gane ta ba. Sai na manta da haushina na ɗan lokaci. Ba mu yi nisa ba kunnuwana suka toshe, suka fara ciwo kamar ana tura tsinke. Na ɗauka haka hawan jirgi yake, na daure. Sai na ga maƙwabcina, wanda da gani ya saba, shi ma ya dafe kunne yana waige-waige. Wani jariri a baya ya tsala kuka. Jirgin ya daina hawa, ya karkata. Muryar matuƙi ta fito, ya yi Turanci, ma'aikaciyar ta maimaita da Hausa: an samu 'yar matsala da iskar cikin jirgi, ba abin tsoro ba ne, za mu koma Maiduguri.

Jirgin ya yi tsit, sai salati ƙasa-ƙasa, wasu da Hausa wasu da Barbarci. Na ji tsoro, na karanta duk abin da ya zo bakina. Muka sauka lafiya, ko girgiza babu.

Ta taga na ga ƙanina yana tahowa da sauri, ba gudu ba, hannunsa ɗaya riƙe da na'urar nan. Da muke saukowa Alhaji mai taro ya tsaya a kansa yana nuna shi da yatsa, yana cewa za su kashe mutane. Ƙanina ya waiwayo wajena. Idonmu ya haɗu, ya ce, “Yaya, lafiya kake?” Na ce lafiya. Ya wuce ƙarƙashin jirgin.

Na hau keke na koma gida. A hanya, tsoro na sakina, wani abu na shigowa a madadinsa, wani sanyi-sanyi a ciki. Na ce a raina, to, yau dai Baba zai ji.

Kashegari da yamma ƙanina ya zo gidan Baba. Muna zaune a tabarma a tsakar gida, Hajiya mahaifiyarmu ta kawo burabisko da miyar yakuwa, bai taɓa ba. Ya ce an dakatar da shi sai an gama bincike.

Baba ya ce, “Me ya faru? Faɗa mini yadda zan gane.”

“Bawul ne, Baba. Shi yake riƙe iskar cikin jirgi idan an yi sama, don mutane su yi numfashi kamar suna ƙasa. Na jikin jirgin ya lalace, aka aiko mini da wani daga sito. Na ɗaura, na gwada, ya yi aiki.”

“To ina laifin?”

“Ba nasa ba ne. Iri biyu ne, tsohon yayi da sabon yayi. In ka ajiye su a nan ba za ka bambance su ba. Girmansu ɗaya, ramukan ƙusa ɗaya, bakin waya ɗaya. Lambarsu ma ɗaya ce, sai a can ƙarshe. Sabon yana iya zama a gurbin tsohon. Tsohon ba ya zama a gurbin sabon, idan an riga an sauya wa jirgin na'urar da ke ba bawul ɗin umarni. Jirgin da ya saba zuwa mana ba a sauya masa ba. Wannan ɗan'uwansa ne, an sauya masa. A ƙasa komai daidai. Sai da aka yi sama na'urar ta ba shi umarni bai bi yadda take so ba.”

Na ce, “Amma ai ba kai ka zaɓo shi ba. Aiko maka aka yi.”

“Ni na sa hannu, Yaya. Akwai bayanin a ƙarƙashin lambar, da ƙananan rubutu. Na ga an ce wannan na maye wancan, ban tsaya na duba ta wane ɓangare ba. Mutane sun kwana suna jira, waya na ta shigowa daga ofis.”

Na jira Baba. Na san Baba. Na taɓa ba wani direba famfon mai da ba na motarsa ba, motar ta mutu a hanyar Bama, Baba ya zage ni a gaban mutane, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata. Ina da mata a lokacin.

Baba ya shafa gemunsa. Can ya ce, “Ƙarshen lamba kawai?”

“Ƙarshen lamba kawai.”

“Ikon Allah. Aiki ne mai nauyi Allah ya ɗora maka. Ci abinci.”

Ya tura masa kwanon da hannunsa. Hajiya ta tashi ta kawo masa ruwan sanyi, ta zauna kusa da shi tana yi masa magana da Barbarci a hankali, irin muryar da take yi mana muna yara idan zazzaɓi ya kama mu. Ni da na kasance cikin jirgin, kunnena na dama bai gama buɗewa ba, ba wanda ya tambaye ni.

Zaman gida ya ishe shi, sai ya fara zuwa shago. Yakan zo da safe cikin kaftani, babu rigar walƙiya babu kati, ya zauna a kan jarka a bayan kanta. Kwanakin farko na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Nan fagena ne. Ya ga yadda nake jin ƙarar keke daga bakin titi in san abin da mai shi ya zo saya. Ya ga yadda bakanikai ke kirana daga Moduganari da Bulumkutu suna tambaya ta waya. Na riƙa ɗaga murya idan ina ba da amsa.

Wata rana wani bakanike ya zo neman boris na wata tsohuwar mota. Babu nata a gari kaf. Na ɗauko na wata motar daban, na juya shi a hannu, na ce, “Kai wannan, zai shiga.”

Ƙanina ya miƙe. “Yaya, lambar ba ɗaya ba ce.”

“Na sani. Zai shiga.”

“Shiga daban, dacewa daban.”

Bakaniken ya yi dariya, ya ce, “Injiniya, nan in muka ce sai lamba ta dace, rabin motocin garin nan a kan dutse za su kwana.” Ya karɓi boris ya tafi. Ya shiga kuwa, motar na yawo har yanzu. Na ɗauka na ci wannan. Amma bakaniken ya je garejinsu ya ba da labari, ba labarin boris ɗina ba, labarin Injiniya da ke zaune a shagon Hausari, wanda jirgi guda ya juyo daga sama saboda ƙarshen lamba. Mutane suka fara zuwa. Wasu su sayi fulogi ɗaya don su samu dalilin tsayawa, wasu ba sa sayen komai. Su yi masa jaje, su ce ya ba su labarin. Shi ba ya son bayarwa, yakan sunkuyar da kai ya ce kuskure ne, Allah ya tsare. Wannan ma ya ƙara masa daraja a idonsu.

Baba ne ya karɓi aikin bayar da labarin. Daga kan bencinsa ya gyara shi ya daidaita shi, har ya zama labarin irin tsananin aikin ɗansa. “Ku a nan kuna ɗaura na wannan a jikin wancan ku buga da guduma,” in ji shi. “Su can, harafi ɗaya ya kauce, jirgi ya dawo.” Tsofaffin su jinjina kai. Wani lokaci yakan ƙara da cewa, “Babban ma yana ciki ranar,” ya nuna shagon da haɓa. Matsayina a labarin ke nan, fasinja.

Na yi ta tunanin abin, ina jera kaya a kanta. Na yi shekaru ina daidaita abin da bai dace ba har ya dace, motocin mutane na tafiya, yara na zuwa makaranta a keken da ni na samo masa abin da ya tashe shi. Ba a taɓa taruwa a kaina ba. Shi ya yi kuskure sau ɗaya, kuskuren ma ya fi duk daidai ɗina kwarjini.

Wata rana da azahar, shago ba kowa, muna cin ɗanwake a kwano ɗaya, ya ce, “Yaya, ina ganin ba za su mayar da ni ba.”

Na dube shi. Ya rame, wuyan kaftaninsa ya yi masa yawa. Matarsa na da tsohon ciki a lokacin. Na ce, “In ba su mayar da kai ba, ga shago. Ya ishe mu mu biyu.” Da gaske na faɗa. Na kuma lura bakina ya yi saurin faɗa, har na fara hango inda zan sa masa kujera, da yadda zan riƙa aikensa Legas saro kaya.

Ya ce, “Na gode, Yaya.” Idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana kallon titi.

Sun mayar da shi. Binciken ya nuna ba shi kaɗai ba ne: mai sito a Legas ya ɗauko bawul ɗin bisa lambar da ke cikin kwamfutarsu, kwamfutar kuma ba a gyara ta ba tun da aka sauya wa jirgin na'ura. Aka ba shi gargaɗi a rubuce, aka ce sai ya sake kwas. Kwas ɗin a ƙasar waje ake yi. Ya tafi, ya turo hotuna yana sanye da rigar sanyi a gaban wani ƙaton ɗakin gyaran jirage, Hajiya ta sa aka wanke ɗaya aka rataye a falo. Da ya dawo kamfanin ya ɗora masa zagaya tashoshinsu yana koya wa sauran masu gyara yadda za su kauce wa irin abin da ya same shi. Ni kuwa na je Legas a mota daga baya, na saro kayana, na dawo da ciwon baya.

Ya kawo mini tsaraba, agogo mai kyau da wani ƙaramin ma'auni na ƙarfe da ake gwada kaurin abu da shi. Agogon na ba surukina. Ma'aunin yana shago, ina aiki da shi, ya fi wanda nake da shi nesa ba kusa ba.

Bara da sallah muka taru a gidan Baba. Babbar 'yata, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare, tana raba wa mutane nama. Yarinya ce mai kai, lissafi ba ya ba ta wuya, kuma tun tana ƙarama nake zama da ita da daddare muna yin aikin gida, ni na koya mata rabawa da ƙwayoyin boris. Na daɗe ina tanadin in ta gama ta karanci harkar kasuwanci. Ta ajiye tire a gaban ƙanina, ta durƙusa, ta ce, “Baffa, mata suna yin irin aikinku?”

“Suna yi mana. Wadda ta koya mini aikin injin ma mace ce.”

“Me ake bukata?”

Ya gyara zama ya fara lissafa mata darussan da za ta dage a kai. Ta zauna a gefen tabarmarsa, ta manta da sauran naman. Baba na jin su, fuskarsa ta washe, ya ce, “Jinin ne.”

Ta juyo ta dube ni. “Abba, ka yarda?”

Duk suka zuba mini ido. Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, in ta ci jarrabawa ni zan kai ta da kaina. Ta yi murna, ta koma ta fuskanci baffanta. Na ɗauki tiren na ƙarasa raba wa baƙi naman.